Maɓallin da Aka Ce Ta Danna

Véronique ta goge ƙirjin Iyatu da auduga mai sanyi, ta manna faifai na biyar a ƙasan haƙarƙarinta na hagu, sannan ta bi shi da filasta har biyu.

"Saboda zufa," in ji ta. "Zafin Garwa ba ya barin komai ya zauna a jikin mutum."

Véronique ma'aikaciyar jinya ce, 'yar kudu, amma shekarun da ta yi a arewa sun ba ta Hausar da ta isa a yi faɗa da majinyaci. Ta tattara wayoyi biyar ɗin da suka fito daga faya-fayan, ta cusa su a wani ɗan akwati da bai fi wayar hannu girma ba, ta sa shi a jakar ƙyalle ta rataya wa Iyatu a wuya.

"Mama, ki saurare ni da kyau. Akwatin nan zai yi ta sauraron zuciyarki daga yanzu har gobe ƙarfe tara. Ba wanka. Alwala ki yi, amma kada ruwa ya taɓa shi. Kuma kada ki je ki kwanta a ɗaki kina jiran ciwo. Abin da kika saba yi, shi za ki yi. In kasuwa kike zuwa, ki je kasuwa. A can yake samunki, a can muke so mu kama shi."

"To."

"Ga maɓalli nan a gefe. Da kin ji abin ya taso, ki danna shi sau ɗaya, ko kina ina. Shi zai nuna wa likita wurin da zai duba. Kin gane?"

"Na gane, 'yata. Da ya taso in danna."

Véronique ta ba ta takarda da Faransanci, da hatimin asibiti a ƙasa, ta ce wannan tana bayanin abin da ke jikinta. Iyatu ta karɓa da hannu biyu.

Shekara biyu ke nan abin yana zuwa mata, ba sallama ba sanarwa. Tana zaune lafiya sai ƙirjinta ya kama fuffuka kamar kazar da aka riƙe wa ƙafafu, idonta ya yi duhu, kunnuwanta su toshe. Yawanci yakan wuce kafin ta gama salati. Sau biyu dai bai wuce da sauƙi ba, ta farka ta gan ta a ƙasa. Na biyun a gaban murhu ne, tabon yana nan a gwiwar hannunta. Sau uku ana kwantar da ita a asibiti ana gwajin nan na minti ɗaya, takarda tana fitowa fes. Ciwon yana da wayo, ba ya zuwa asibiti.

Da takarda ta ce ba komai, kowa ya samu bakin magana. Matan unguwa suka ce iska ce, ta sha rubutu har ta gaji. Wasu suka ce kewar Malam Hamadu ce, mijinta da ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗanta ɗaya tilo, Sulaimanu, yana tuƙa babbar mota a Duwala, shi kuwa maganarsa ɗaya ce: "Inna, tunani ne ya yi miki yawa. Ki rage shayi." Yakan faɗa ne da ƙarar inji a bayansa, kafin ta kai ƙarshen bayaninta. Wannan ya fi komai yi mata ciwo, sai ta daina faɗa wa kowa. Amma ba ta manta yayanta Isa ba, wanda ya faɗi yana ɗaure bakin buhun gyaɗa, yana da shekara arba'in da uku, ko ciwon kai bai yi ba a ranar. Shi ma yakan dafa ƙirji wani lokaci ya yi shiru, su yi masa dariya.

Akwatin guda ɗaya ne a asibitin, likitan zuciya kuwa daga Yawunde yake zuwa, wata uku-uku, ya yi kwana biyu ya koma. Tun watan Disamba aka rubuta sunanta, sai yau layi ya zo kanta.

Ta hau moto, wato babur ɗin haya, ta koma gida a Yelwa. Gidan ɗaki uku ne, biyu a rufe. Ta yi sallama a bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ba don akwai mai amsawa ba. Ta buɗe kwallar da ke ƙarƙashin gado, inda takardar fili take, da katin ɗan ƙasa na marigayi, da takardar haihuwar Sulaimanu, ta shimfiɗa takardar asibitin a samansu ta rufe. A wurin Iyatu, da duk wanda ya tashi irin tashinta, takarda mai hatimi ba abin yawo ba ce. Ga ta mai sayar da man gyaɗa, duk abin da ta taɓa sai ya yi tabo. Ta zumbula hijabinta mai ruwan toka, ta duba a madubi ta ga ba abin da ya nuna, ta ɗauki galan ɗin mai da robar ƙuli-ƙuli ta fita.

Tun harin ƙunar baƙin wake da aka kai a Marwa daminar bara, shiga babbar kasuwa ya zama aiki. An ɗaure igiya a bakin ƙofa, 'yan kwamitin sa ido suna tsaye, maza layi guda mata layi guda. Wadda ke laluben mata, Georgette, ta san Iyatu sarai, har ƙuli-ƙuli take ɗauka a roba in tana wucewa. Iyatu ta shirya abin da za ta raɗa mata a kunne. Sai da ta yi rabin layi a cikin rana sannan ta lura Georgette ba ta nan. A wurinta wani dogon mutum ne da ba ta taɓa gani ba, riƙe da baƙar sanda mai kuka in ta ji ƙarfe, yana bin jikin mata da ita daga nesa-nesa.

Ta yi tunanin komawa. Amma an ce ta yi abin da ta saba, kuma galan ɗin ya yi nauyi.

Sandar ta wuce kafaɗarta shiru. Da ta zo daidai ƙirji ta fashe da kuka. Mutumin ya sake bi, ta sake yi.

Ya yi mata magana da Fillanci, da ya ji yadda ta amsa ya juya zuwa Hausa. "Dada, mene ne a nan? Waya ce?"

"Ba waya ba ce. Na asibiti ne."

"Fito da shi."

"Ba ya fitowa. A manne yake a jikina."

Matar da ke bayanta ta ja da baya taku ɗaya. Iyatu ta ji motsin ba tare da ta waiwaya ba.

"Ina takarda?"

"Tana gida."

"To ɗaga hijabin in gani."

Ta dube shi. Sa'an ɗanta ne. A bayansa ga masu dako, ga mahauta, ga 'yan moto birjik. Ban da mijinta da ma'aikatan asibiti, babu wanda ya taɓa ganin abin da yake cewa ta buɗe. Ta ce, "Kira mini mace, ɗana. Ko wace ce."

Da ta ɗaga hannu tana nuna layin matan, wuyan hijabin ya zame, jar waya ta leƙo. Wani a layin maza ya faɗi kalma ɗaya, ba ma da ƙarfi ba. Layin biyu suka buɗe a lokaci guda.

A daidai nan abin ya taso. Ta san shi tun daga bugun farko, amma bai taɓa zuwa da ƙarfi haka ba. Ƙirjinta ya kama rawa, fuskar mutumin ta fara nisa, hasken rana ya soma ƙanƙancewa. Ba ta tuna da Marwa ba, ba ta tuna da mutanen da ke kallonta ba. Abu ɗaya ta tuna: wata uku ta yi tana jiran wannan lokacin, kuma ga shi ya zo alhali akwatin yana wuyanta. Ta saki galan ɗin, ta cusa hannu ƙarƙashin hijabi, ta laluba ta sami maɓallin, ta danna sau ɗaya kamar yadda aka koya mata.

Abu na ƙarshe da ta gani shi ne dogon mutumin ya jefar da sandarsa ya juya.

Da ta farka, kuncinta yana kan ƙasa mai zafi, bakinta da yashi. Shekara ashirin tana shiga kasuwar nan, ba ta taɓa jin ta yi tsit ba sai yau. Takalma ne warwatse ko'ina, ga tiren mangwaro a kife, ga moto a kwance tayarsa tana juyawa. Man gyaɗarta ya tsiyaye ya bi ƙasa har ya jiƙa mata hijabi. Mutanen suna nan, ba su tafi ba. Suna can nesa, bayan shaguna da motoci, ɗaruruwansu, wasu sun ɗaga waya sama. Babu wanda ya tako.

Abin da take tsoro kullum shi ne ta faɗi a ɗakinta, a kwana biyu ba a sani ba. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa za ta faɗi a gaban rabin gari, ya zama duk ɗaya ba ne. Ta ji kaɗaici irin wanda ko ranar da aka fita da gawar Malam Hamadu ba ta ji ba.

Ta dafa ƙirji. Zuciyar tana bugawa a hankali, daidai, kamar ba ita ba.

"Cire hannunki daga nan!"

Jandarma ne, ya durƙusa a bayan wata mota da bindiga a saite. Ya faɗa da Faransanci, wani daga gefe ya maimaita da Hausa. Ta cire hannun. Ta yunƙura ta zauna. Aka ce ta cire abin da ke jikinta a hankali, ta ajiye a ƙasa, ta ja da baya.

"Ba zan cire ba," in ji ta. Muryar ba ta yi nisa ba, sai ta sake faɗa. "Na asibiti ne. An ce sai gobe ƙarfe tara. In na cire, sai bayan wata uku kuma."

Mai fassarar ya shiga neman yadda zai juya wannan zuwa Faransanci.

Sai ta ji muryar da ta sani. "Ku bari, ku bari, na san ta. Iyatu ce, mai mai." Émilienne ce, 'yar duwatsun wajen Mokolo, mai sayar da tattasai da daddawa, wadda rumfarta ke jikin ta Iyatu shekara goma sha biyu. Kullum tare suke cin abincin rana, in ɗaya ta tafi salla ko coci ɗayar ta tsare mata kaya. Ta ratso mutane ta fito fili da saurinta. Da ya rage kamar taku goma tsakaninsu, ta tsaya.

Iyatu ta ga tsayawar. Ba ta ga laifinta ba, amma ta gani.

"Yaya Iyatu," in ji Émilienne, "mene ne a jikinki?"

"Zuciyata ce ba lafiya. Likita ya sa mini abin saurare."

"Zuciya? Tun yaushe?"

"Shekara biyu."

"Shekara biyu, kullum muna cin tuwo kwano ɗaya, ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa wa mutane na gaji, Émilienne. Kowa cewa yake ba komai."

Émilienne ta tsaya tana kallonta. Sannan ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta kwance zanen da ta ɗora a kan siket, ta ƙaraso. Jandarman yana ta daka mata tsawa, ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa, ta yafa zanen a kansu su biyu ya zama ɗan ɗaki, Iyatu ta ɗaga hijabi da riga. A cikin duhun zanen Émilienne ta ga faya-fayai biyar da filasta da ta fara ɓallewa, da akwatin yana ƙyafta koriyar fitila. A bayansa akwai sunan asibiti da lambar waya. Ta leƙo da kai waje ta karanta su da ƙarfi, da Faransancinta na ajin firamare, lamba ɗaya-ɗaya.

An ɗauki lokaci kafin a sauke bindigar. Jandarman ya kira lambar, ya yi magana, ya saurara, ya share zufa da hularsa. Da ya zo kusa ba faɗa ya yi ba, gajiya ce a fuskarsa. Ya ce ta bakin mai fassara: "Mama, saura kaɗan. Kin san saura kaɗan? Me ya sa kika danna?"

"An ce da ya taso in danna."

Ya ce asibiti sun ce a kawo ta yanzu, ba sai gobe ba. Aka sa ta a bayan motarsu. Émilienne ta ce za ta kwashe ƙuli-ƙulin da ya rage, ta rufe rumfarta, yaranta kuma suna jiranta a gida, amma gobe da safe za ta leƙo. Motar ta ratsa cikin mutane, suna buɗe mata hanya fiye da yadda take bukata.

Ko a asibitin sai da Iyatu ta riƙe jakar akwatin gam. "Tara na gobe bai yi ba," in ji ta.

"Mama, sake," in ji Véronique, idanunta sun yi ja. "Laifina ne, da na ce miki ki riƙe takardar a hannu. Likita ya ce in kin suma, to akwatin ya riga ya ji abin da muke nema."

Bayan la'asar aka kira ta. Likita Édouard mutum ne mai furfura da tabarau, ba ya jin Hausa, Véronique ke juya magana. Ya shimfiɗa doguwar takarda a kan tebur. A farkonta zanen yana tafiya daidai, tudu ɗaya bayan ɗaya, irin wanda aka saba nuna mata. Sai a wani wuri ya rikice ya zama manyan haƙora kamar na zarto, a cunkushe, layi bayan layi. A saman wurin akwai ƙaramar alama.

"Ya ce nan kika danna," in ji Véronique. "Ƙarfe goma sha ɗaya da minti arba'in da biyu. Ya ce mutane da yawa ba sa tunawa su danna."

Likitan ya ci gaba, yana bin zanen da biro. Ɓangaren ƙasa na zuciyar ne yake ƙwace bugu, ya yi ta gudu fiye da sau ɗari biyu a minti. A irin wannan gudun zuciya ba ta samun cika da jini, ba abin da ke kaiwa kai, shi ya sa take faɗuwa. Yau daƙiƙa arba'in da bakwai ya yi, sannan zuciyar ta dawo hanya da kanta. Amma ba kullum take dawowa ba. Idan ta ƙi dawowa, mintuna kaɗan ne tsakanin mutum da mutuwa, sai in akwai na kusa da zai yi ta danna masa ƙirji har taimako ya zo. Ya tambaya ko an taɓa yin wanda ya faɗi ya mutu haka kawai a danginta. Ta ce yayanta. Ya gyaɗa kai ya rubuta.

"Yana tambaya, lokacin da kika faɗi, akwai mutum kusa da ke?"

"Kasuwa ce cike," in ji Iyatu.

Véronique ba ta fassara wannan ba.

"Tambaye shi, 'yata. Ba tunani ba ne ke nan?"

"Ya ce ba tunani ba ne. Tsoro yana iya taso da shi, amma ciwon yana nan tun da can."

"Ba iska ba?"

"Ba iska ba, Mama. Ciwo ne mai suna."

An gaya mata tana iya mutuwa kowace rana, amma abin da Iyatu ta ji a lokacin sanyi ne a ranta, har ta ji kunyar kanta. Ta sa yatsa ta shafa haƙoran zarton nan, ta roƙa a ba ta guda ta riƙe. Likitan ya yanko mata wurin.

Aka ba ta gado a ɗakin mata, kusa da taga. Za a fara magani yau, a sa mata ido kwana uku, daga baya a yi maganar zuwa Yawunde inda ake dasa wa mutum ɗan abin da ke tsawatar wa zuciya in ta rikice. Kowane gado a ɗakin akwai tabarma a gefensa, da mai jinya a zaune, da kwanuka da buta. Gefen nata siminti ne. Véronique ta zo da fom, ta cike duk layukan sai ɗaya.

"Wa zai zauna da ke, Mama? Likita ya ce daga yau ba ki ba zaman kaɗaici, ko nan ko gida."

Iyatu ta shiga laluben suna a ranta. Sai wayarta ta yi ƙara a ƙullin zane. Ta kwance ta duba. Sulaimanu ne, wanda rabonsa da kiranta mako biyar.

"Inna, kina lafiya?" Yana magana da sauri, injin mota yana ruri a bayansa. "Kada ki je kasuwa yau, kin ji? Yanzu wani ya turo mini a waya, wai an kama wata mata da bam a ƙofar babbar kasuwa. Daga nesa aka ɗauka, amma na ga har ta danna, Allah ne ya sa bai tashi ba. Tsohuwa fa, Inna, da hijabinta, sa'arki. Ni dai hankalina ya tashi. Kina gida dai ko?"

Véronique tana tsaye da biro a kan layin da ba a cike ba. Iyatu ta gyara 'yar takardar a kan cinyarta, ta danne gefenta da tafin hannu saboda iskar fanka.

"Ba na gida," in ji ta. "Kai yaron nan, nemi gefen hanya ka tsaya, ka kashe motar. Yau sai ka ji maganata har ƙarshe."